Alkama a bokitan fenti: kundin aikina kan gishiri da zafi

11 ga Nuwamba, 2023

Gardamar da muka yi da Baffa tun bara ce ta sa na buɗe wannan kundi. Gonarsa ta rani tana yankin Kadawa, inda ruwan dam ɗin Tiga ke isowa ta kanal. Tun da aka kammala dam ɗin a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, mutanen Kura da Garun Malam da Bunkure suke noma damina da rani. To fangulan da ke gangaren gonar, inda ruwa kan kwanta, sun fara yin farin ɓawo in sun bushe, kamar an barbaɗa gari. Bara alkamar wannan gefe ta tsaya gajera, ƙwayarta ta motse. Baffa ya ce kanwa ce ta taso. Ni kuwa na ce makara ce, domin sai da ya gama da shinkafa sannan ya shuka a ƙarshen Disamba, zafin Maris ya riske ta. Ya dube ni ya ce, "To Malam, in zafi ne, me ya hana shi cin ta tudu? Ai rana ɗaya ce a kansu." Na yi shiru.

Ilimin halittu nake koyarwa a sakandare. Kowace shekara nakan rubuta a allo cewa ganye yana haɗa iskar kabon da ruwa, da ƙarfin hasken rana, ya yi sukari, ya saki oksijin. Sunan abin a littafi fotosintesis, amma a aji nakan ce girkin ganye, yara sun fi riƙe shi haka. Duk ƙwayar da za ta shiga buhu daga wannan girki ta fito. Saboda haka tambayar Baffa, in an tace ta, ita ce: ta ina gishiri ke shigar wa girkin, ta ina zafi ke shigar masa, kuma me ke faruwa in sun haɗu?

Shirin: bokitan fenti 24, na huda gindin kowanne. Ƙasar tudun gonar Baffa, an tankaɗe an cakuɗa da taki. Rabi zan shuka yanzu a kan kari, rabi a farkon Janairu da gangan, don su yi fure cikin zafi. A kowane rabi, huɗu za su sha ruwan rijiya zalla, huɗu ruwa mai giram 3 na gishiri a lita, huɗu mai giram 6. Irin kuwa Atilla ne, wanda Baffa ya ajiye.

18 ga Nuwamba

An shuka kashin farko, ƙwaya 10 a bokiti, daga baya zan rage su koma 6. Na sa ɗan kamfa. Hunturu ya fara, da asuba sai da mayafi. Wannan ne lokacin da masana alkama, irin na cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, suke ta nanata wa manoma: tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Uwargida ta ce in dai ba zan taɓa mata gishirin miya ba, in cika tsakar gidan da bokiti. Na sayo nawa buhun daban.

2 ga Disamba

Duka sun tsiro, ganye bibbiyu zuwa uku. Yau aka fara ba da ruwan gishiri. Ban zuba shi gaba ɗaya ba, rabin ƙarfi na fara da shi, nan da kwana huɗu a kai cikakke, kada saiwar ta firgita.

Na sayi ɗan ma'aunin gishiri mai kama da alƙalami. Ba gishirin yake ƙirgawa kai tsaye ba, yana auna yadda ruwa ke ɗaukar lantarki ne, domin ruwa mai gishiri ya fi ɗauka. Ma'aunin ana rubuta shi dS/m. Ruwan giram 3 ya nuna wajen 5 da rabi, na giram 6 wajen 11. Ruwan rijiyarmu bai kai 1 ba. Don a kwatanta, ruwan teku yana da kusan giram 35 a lita, wato mafi ƙarfin ruwana kusan kashi ɗaya cikin shida ne nasa. Na ɗanɗana, ɗan zartsi ne kawai, kamar miyar da aka yi wa rowa.

Ba da ka na zaɓi waɗannan lambobi ba. A 1977 wasu masana biyu na ɗakin binciken gishirin ƙasa da ke Riverside a Amurka, Maas da Hoffman, sun tattara iyakar da kowace shuka ke jurewa kafin amfaninta ya fara raguwa. Alkama tana kai wa 6 a ma'aunin nan na dS/m, daga nan kowane ƙarin 1 yana cin kusan kashi 7 cikin ɗari na amfani. Sha'ir 8, dawa 6.8 da wake 4.9 (waɗannan biyu daga jadawalin da aka sabunta daga baya), shinkafa 3, tumatir 2.5, masara 1.7, albasa kuwa 1.2 kacal. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, alkama tana cikin jarumai. In har ita ta fara kuka a fangali, to tumatir da albasa, waɗanda su ne kuɗin mutanen Kadawa, sun daɗe da jigata a wurin. Ƙasa ana kiranta mai gishiri da zarar ta haura 4. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da taswira a 2021 mai nuna fiye da hekta miliyan 833 a duniya da wannan ciwo ya taɓa, galibi a busassun ƙasashe.

Bokitai na na tsakiya suna bakin iyakar alkama ke nan, na ƙarshe sun zarce ta sosai.

16 ga Disamba

Na zaci rawaya zan fara gani. Ina! Masu giram 6 sun fi sauran duhun kore, har da ɗan shuɗi-shuɗi. Ƙanena da ya leƙo ya ce su suka fi lafiya. Sai da na ɗora rula ya yarda: ganyensu ya fi gajarta da ƙanƙanta, 'ya'yan da suke fitarwa daga gindi kuma ba su kai na ruwa zalla ba. Koren bai ƙaru ba, an dai matse shi ne a ƙaramin fili.

Wata masaniya 'yar Ostireliya, Rana Munns, wadda ta ƙarar da shekaru a kan alkama da gishiri, ta raba cutarwar gida biyu. Na farko ƙishirwa ce. Gishirin bai ma shiga jikin shuka ba tukuna, yana waje yana riƙe ruwan, saiwa tana ja yana ja. Ƙasa jiƙe sharkaf, shuka na jin ƙishi. Duk wanda ya taɓa barbaɗa gishiri a yankakken tumatir ya ga ruwa ya tsatso, ya san wannan ja. Na biyu guba ce, tana zuwa bayan makonni, in gishirin ya taru a ganye. Ni yanzu a gidan farko nake.

Ga inda abin ya shafi girki. A fatar ganye akwai dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kowace da 'yan gadi biyu, ƙwayoyin halitta masu kumbura su buɗe, su saɓe su rufe. Ta nan iskar kabon ke shiga, ta nan kuma ruwa ke fita. Ƙofa ɗaya ce, ba a raba. Iskar kabon ba ta da yawa a sarari, kusan 420 ce cikin miliyan, saboda haka kafin ganye ya kamo ƙwayarta ɗaya sai ya yi asarar ɗaruruwan ƙwayoyin ruwa. In saiwa ta ji ruwa na wuya, shuka takan ƙara wani sinadari da ake kira ABA, wanda ke sa 'yan gadin su ja ƙofa. An tsimi ruwa, amma cefane ya daina shigowa.

Wannan duk karatu ne. Yadda zan gan shi da idona a tsakar gida, ba na'urar miliyoyi, shi ne aikin.

23 ga Disamba

Na ɓata yini guda. Gwajin da muke yi wa 'yan aji, a tafasa ganye, a wanke korensa da sifirit, a ɗiga aidin a ga ya yi baƙi in akwai sitaci, shi na ɗauko. Na ce ganyen da ya fi girki zai fi baƙi. Duka suka fito fari-fari, har na ruwa zalla. Na zargi aidin ɗin, na gwada a ganyen waken da ke bakin rijiya, ya yi baƙi ƙirin. Ashe alkama ba ta cika ajiye abincinta na yini a matsayin sitaci cikin ganye ba, sukari take tarawa, aidin kuwa ba ruwansa da sukari. Shekara da shekaru ina koyar da wannan gwaji ban taɓa yin sa da ganyen dangin ciyawa ba. Na kuma ƙone yatsa.

6 ga Janairu, 2024

An shuka kashi na biyu da safe. Baffa da ya ji ya ce, "Wannan kam ba noma ba ne, sadaka ce ga rana."

Da hantsi na gwada wata dabara, kuma ta yi. Ana yanka ganye ƙanana-ƙanana daidai wa daida, a zuba a sirinji da ruwa mai ɗan bekin soda da ɗigon sabulu. A toshe bakin da yatsa a ja, iskar da ke cikin ganyen ta fita, ruwa ya maye gurbinta, sai yankakkun su nutse. A juye a kofin gilashi a ajiye a rana. Sodar ita ce ke ba su kabon. Suna fara girki sai oksijin ya taru a cikinsu, su riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya. Wanda murhunsa ke ci da kyau shi ke riga tasowa. Na sa guda goma-goma a kofi, ina duba agogo zuwa lokacin da biyar za su hau sama.

Na ruwa zalla da na giram 3 kusan tare suka taso. Na giram 6 sun ɗan makara, amma da kaɗan, abin da ba zan rantse a kansa ba. Na maimaita sau uku, haka.

Da farko na ji haushi, na ce gwajin ba ya rarrabewa. Ina alwalar la'asar abin ya faɗo mini. Ai a cikin sirinji na riga na fasa ƙofar! Na cusa musu kabon har ɗaki, 'yan gadi ba su da ta cewa. In ganyen da ya sha gishiri ya yi girki daidai da ɗan'uwansa da zarar an kai masa cefane, to murhunsa lafiya lau, ƙofa ce kawai a rufe. Shukar ta tsugune ne saboda ƙananan ganye da rufaffiyar ƙofa. Wannan ne karon farko da na ga abin da na karanta ya fito a kofi, kuma na fi jin daɗinsa a kan duk abin da na yi tun fara aikin.

20 ga Janairu

Kashin farko ya fara fitar da kai. Masu giram 6 sun riga sauran da 'yan kwanaki, da ƙananan zangarniyoyi, kamar mai sauri ya gama ya tafi. Kashi na biyu ya fara shan gishiri yau.

Na tono ma'aunin zafin nan na goshi da aka yi yayi lokacin korona. Yana da maɓallin da ke juya shi ya auna jikin abu. Da ƙarfe biyu na rana na riƙa haska shi a kan ganyen sama, wanda ke dab da zangarniya. Ganyen ruwa zalla ya fi iskar wurin sanyi. Na giram 6 kuwa ya fi shi ɗumi da wajen digiri biyu, kullum, kwana biyar a jere.

Randa ce ta zo mini a rai. Sabuwar randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana gumi, ruwan da ke tsatsowa ta jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi. Shafe ta da fenti ka ga in za ta ƙara sanyi. Ganye ma haka yake, ruwan da ke fita ta ƙofofin nan shi ne fankarsa. Gishiri ya rufe ƙofa, ya hana cefane, ya kuma kashe fanka. A Janairu digiri biyu ba komai ba ne, daga 26 zuwa 28 alkama ba ta damu ba. A Maris fa?

Wani kuskure da ma'aunin ya tona: bokitan da ke jikin katangar siminti sun fi na tsakiya zafi da yamma, ko da wane ruwa suke sha. Katangar tana tara rana tana amayar musu. Na janye duka daga jikinta da taku uku, kuma daga yau duk Asabar zan riƙa sauya musu wuri.

3 ga Fabrairu

Gida na biyu, na guba, ya iso. Tsofaffin ganyen ƙasa na masu giram 6 sun ƙone daga tsini, ƙunar tana gangarowa ta gefe. Sababbin na sama kore ne. Dalili, ruwa yana shiga ganye da gishirinsa, ya fita ta ƙofa ya bar gishirin, kamar yadda yake barinsa a fuskar fangali. Ganyen da ya fi daɗewa yana aiki shi ya fi tarawa. Sodiyam ɗin da ke cikin gishiri yana kama da fotasiyam, sai ya riƙa zama a kujerarsa ba tare da ya iya aikinsa ba, alhali fotasiyam ne ke motsa 'yan gadin ƙofa da sinadarai da yawa na cikin ganye. Na sa waɗannan tsofaffi a sirinji, rabinsu ba su taso ba har na gaji da jira. Yanzu kam murhun ne ya taɓu.

Munns da abokan aikinta sun nuna a 2012 cewa in aka ɗauko wata ƙwayar gado daga tsohuwar dangin alkama, wadda ke tsame sodiyam daga ruwan da ke hawa kafin ya kai ganye, aka sa wa alkamar taliya, amfaninta a gona mai gishiri yana ƙaruwa da kashi 25 cikin ɗari. Ta barbara aka yi, irin ta masu kyautata iri.

2 ga Maris

Na girbe kashin farko, kowane bokiti a ambulan ɗinsa. Sai sun bushe zan auna. Kashi na biyu yana fitar da kai, sanyi kuma ya tafi ba sallama.

9 ga Maris

Ma'aunin da na rataye a inuwa yana haura 35 kowace rana yanzu. Kashi na biyu yana fure a cikin wannan. Alkama ta fi son girki tsakanin digiri 20 da 25, furenta kuma ba ya son abin da ya wuce 30, garin namijin yakan mutu, gurabe su fito fanko.

Abin da zafi ke yi wa girkin ya bambanta da na gishiri. Akwai wani sinadari a ganye, Rubisko, shi ne hannun da ke cafko iskar kabon ya miƙa ta cikin tukunya. An ce babu furotin da ya kai shi yawa a doron ƙasa, kuma yawan nasa na dole ne, don nawa gare shi, ƙwaya uku ko makamancin haka yake kamawa a daƙiƙa. Yana da wani aibu kuma: wani lokaci yakan cafko oksijin a maimakon kabon, shuka ta ɓata ƙarfi wajen warware kuskuren, har ta saki kabon ɗin da ta riga ta kama. A alkama da shinkafa da wake wannan ɓarna tana iya cin kusan rubu'in abin da aka girka, kuma tana ƙaruwa ne da zafi. Sannan Rubisko yana da yaron da ke share masa hannu in ya cushe, wani sinadari daban, shi kuwa rago ne a gaban zafi. Ganye na haura 30 zuwa 35 yake fara sanyin jiki, maigidan ya zauna da cusasshen hannu. In aka wuce 40, sashen da ke fasa ruwa da hasken rana ma yakan fara lalacewa. Dare kuma in ya yi ɗumi, shuka tana ƙone sukarin da ta tara da rana wajen numfashi.

Baffa ya zo gaisuwa kafin azumi. Bayan ya sha ruwa na ja shi bayan ɗaki da ƙarfe biyu, na ba shi ma'aunin a hannunsa. Ya haska a ganyen ruwa zalla, ya haska a na giram 6. Tazarar ta fi ta Janairu, ta kusa digiri uku, na biyun yana taɓa 38, gefensa ya naɗe kamar tabarma. Na ce, "Baffa, ka tuna ka ce rana ɗaya ce a kansu? Rana ɗaya ce, amma zafin da ke jikinsu ba ɗaya ba ne. Ta tudu tana gumi, ta gangare an toshe mata." Ya sake haskawa sau biyu, ya juya ma'aunin yana dubawa, sannan ya ce, "Ashe dai kanwar ce." Na ce har da makarar. Ya ce, "Kai dai ba ka son a ce ka faɗi." Allah ya ƙara wa Baffa lafiya, kowa ya tafi da rabin gaskiyarsa.

23 ga Maris

Azumi ya kama tun 11 ga wata, aikin ya koma bayan asuba da gab da magariba. Tausayin alkamar nan nake ji da la'asar fiye da da.

Farkon wata na watsa gero a bokiti biyu da suka rage, don kwatance kawai. Yana nan tsaye cak da tsakar rana, ko a jikinsa. Gero da dawa da masara da rake suna da wata dabara da wasu masana biyu, Hatch da Slack, suka fayyace a Ostireliya a 1966, suna aiki da ganyen rake. Waɗannan tsirrai sukan fara kama kabon da wani sinadari da ba ya ruɗewa da oksijin, su tura shi wani ɗaki na ciki inda Rubisko ke zaune, su cika ɗakin maƙil. Rubisko ba ya samun damar kuskure. Shi ya sa girkinsu ya fi kyau daga digiri 30 zuwa 40, kuma ko ƙofa a ɗan buɗe take ya ishe su, ruwan da suke kashewa kusan rabin na alkama ne. Kakanninmu da suka riƙe gero da dawa ba su san sunan Rubisko ba, amma zaɓin da suka yi nasa ne. Alkama baƙuwa ce da hunturu ke ba wa masauki na wata uku da 'yan kai.

Na gwada da fulas. Ruwa mai digiri 30, 40 da 45, na jiƙa yankakken ganye minti 15 a kowanne kafin sirinji. Na 30 lafiya. Na 40 alkama ta yi nawa. Na 45 alkama ta kwanta a gindin kofi, ɗaya-biyu ne suka motsa, gero kuwa ya taso duk da ya makara. A nan ba maganar ƙofa, tunda na fasa ta. Zafi kai tsaye murhu yake nufa.

Ganyen saman kashi na biyu, wanda shi ne ke ciyar da zangarniya, ya fara rawaya tun ƙwaya tana madara. Masu giram 6 sun riga kowa bushewa.

6 ga Afrilu

An ce ranar 3 ga wata garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Mu nan ba mu kai haka ba, amma ba wanda ya yi barcin kirki a ɗaki makon nan.

Na girbe kashi na biyu tun makon jiya, bai cika kwana 85 ba, alhali na farko ya haura 100. Na aro ɗan sikelin masu sayar da gwal na auna ƙwaya ɗari-ɗari. Na Nuwamba mai ruwa zalla ya kusa giram 4, ƙwaya cike, irin wadda mai alkaki ke so. Na Nuwamba mai giram 3 kusan haka, zangarniyar ce dai ba ta kai yawa ba. Na Janairu mai ruwa zalla bai kai giram 3 ba. Na Janairu mai giram 6 da ƙyar ya haura 2, kuma a bokiti ɗaya sai da na haɗa duka kafin in sami ɗarin. Ƙwayar kamar an tsotse ta.

Wanda ya fi ba ni mamaki na tsakiya ne. Giram 3 a Nuwamba kusan bai yi komai ba. Giram 3 ɗin nan dai a Janairu ya bar tazara bayyananniya tsakaninsa da ruwa zalla. Gishirin da alkama ta shanye cikin sanyi, shi ya kayar da ita cikin zafi. Bokiti huɗu-huɗu ne a tsakar gida, ba zan kai su gaban kowa a matsayin hujja ba, amma abin da aka gani a gangaren Baffa ke nan. Masu lissafin duniya sun ce kowane ƙarin digiri ɗaya a yanayi yana rage alkama da kusan kashi 6 cikin ɗari. Ganyen da gishiri ya toshe ya riga ya karɓi nasa ƙarin digiri biyu ko uku tun yanzu.

13 ga Afrilu

Yawon sallah ya kai ni gonar. Na ɗebo ƙasar gangaren da farin ɓawonta, da ta tudu. A gida na sa ɗan curi na kowacce a faranti mai ruwan sama da uwargida ta ajiye tun damina don batir. Curin tudu ya ruguje ya kwanta, ruwan garau. Na gangare ya narke ya yi hazo, ruwan ya koma kamar farau-farau, har dare bai kwanta ba. Takardar gwajin pH, mai nuna ko abu na da tsami ko halin kanwa, ta nuna ya haura 8 da rabi, wato ɓangaren kanwa.

Wato Baffa ya fi ni daidai a suna. Gishirin da na yi wata huɗu ina zubawa irin na Bilma ne, na miya. Abin da ke gangarensa yana da halin kanwa, irin ta ƙasar Manga, ita kuwa bayan ƙishirwa da guba tana da sharri na uku: tana warware ƙasa ta toshe ramukanta, ruwa ya kasa sauka, saiwa ta kasa numfashi. Gishiri zalla ana wanke shi da ruwa mai yawa in akwai mafita. Kanwa sai an fara zuba jifsam, wani farin ma'adini, kalsiyam ɗin da ke cikinsa ya ture sodiyam daga jikin ƙasa, sannan wanki ya yi amfani.

Mafitar kuwa na je na gani. Magudanar da ke bin ƙasan gonar ta cushe da kacalla, tsayinta ya fi ni, ruwa tsaye a ciki kore shar. Mu masu gonakin gefen ne muka bar ta haka, kowa na jiran maƙwabcinsa. Na haƙa rami a fangalin ƙarshe, ban kai tsawon hannu biyu ba ruwa ya tsatso. Daga nan yake hawowa, rana ta shanye shi, ya bar kayansa a sama.

Abin da ke gaba: Baffa ya yarda zai yi wa maƙwabta huɗu magana a yi gayyar yashe magudanar kafin ruwa ya sauka. Zan raba fangalin ƙarshe biyu, rabi jifsam rabi babu, in na samo shi da araha, an ce ana haƙo shi a Yobe da Sakkwato. Bokitan kuma zan wanke su, zagaye na biyu a Nuwamba da jar kanwa a maimakon gishiri, in ƙara tumatir. Baffa ya kuma ce bana zai nemi irin shinkafa mai saurin nuna don gonar ta samu kafin tsakiyar Nuwamba, amma ya ce in rubuta cewa ba don maganata ba ne. Na rubuta. Ma'aunin goshin yana wurinsa, ya ce zai dawo da shi bayan ya gwada a albasa.